Ɗan Farin Sabuwa Ya Dawo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda ta fito daga hannun ƙaninki Aƙilu ɗan Mudi, marini a garin Kafur ta ƙasar Katsina, zuwa ga yayata Hajo, matar Mati mai goro, a zangon Hausawa na Salaga cikin ƙasar Gwanja. Gaisuwa mai yawa da girmamawa da begen ganin fuskarki. Ina roƙon Allah ya sa ta same ku lafiya, ke da maigidanki da 'ya'ya da jikoki, ya kuma sa ciwon gwiwar da fatake suka ce yana damunki ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi albarka, dawa ta cika rumbu har sai da muka gina wani, audugar gonar tudu ma ta yi abin kirki bana. Matata Mero ta ce in gaishe ki tun a nan farko, wai in ta bari sai ƙarshe zan cika takardar da surutu in manta da ita. Tana da gaskiya, don yau kam akwai surutu.

Bayan haka, Yaya, in a tsaye kike ki nemi tabarma ki zauna, in da ƙwarya a hannunki ki ajiye. Kai kuma malamin da aka kira ya karanta mata, don Allah ka bi a hankali. Shitu ya dawo. Shitun Sabuwa 'yar'uwarmu nake nufi, wanda aka kawo miki yaye kika riƙe, wanda mahara suka ɗauke a gonar bakin rafi shekara ashirin da huɗu ke nan. Yana raye, da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, kuma yanzu haka da nake rubutun nan ina jin ƙarar gizagonsa yana sassaƙa a bayan zaure. Tun bazara ya iso. Kin san ba ayarin da ke nufar Gwanja da damina, sai ga ni na haɗiye labari wata bakwai cur, ni da ba na iya riƙe magana daga azahar zuwa la'asar. In kika ji malam yana tuntuɓe a karatu, kada ki ga laifinsa, rubutuna ne ya karkace don sauri.

Ranar da ya zo ina bakin karofi ina rini, hannuwana dumu-dumu da baba, sai ga wani falke mutumin Danja tare da wani dogo mai akwati a ka, sanye da wani irin matsattsen wando da ban taɓa gani ba. Dogon ya yi sallama da wata karkatacciyar Hausa, ya ce gidan Hajo yake nema. Na ɗago zan ce masa Hajo ta daɗe da barin ƙasar nan, sai idona ya sauka a kan zanen gidan ubansa a kumatunsa, ga kuma goshin marigayi Ummaru mijin Sabuwa kamar an ciro an manna masa. Ban san lokacin da na rungume shi ba. Har yau rigarsa tana nan da shatar hannuwana biyu shuɗi a baya, ya ƙi a wanke.

Ga abin da ya faɗa mana. Maharan sun sayar da shi, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ƙasar Nufe, daga nan aka sa shi a kwalekwale zuwa Lokoja, inda manyan koguna biyu suka haɗu. A can wasu Nasara suka fanshe shi, suka damƙa shi ga wata tsohuwa baƙar fata mai bin addininsu, wadda yake kira Iya. Ita ta raine shi, aka koya masa karatunsu da aikin katako. Hausarsa ta zube saura kaɗan, sai da ya girma ya riƙa tsinto ta a bakin fatake. Abu biyu ne ya ce ba su taɓa barin kansa ba, sunanki da warin ramukan baba a ƙofar gida. Bara falken nan ya kai masa akwati gyara, ya dubi fuskarsa ya ce wannan askar ya san inda ake yin ta. Iya ta riga ta rasu, ba shi da mata, sai ya ɗaure kayan aikinsa ya biyo shi.

Ba zan ɓoye miki ba, don in na ɓoye wani zai faɗa miki da ƙari. Shitu ba ya salla. Addinin Nasara yake bi, yana da littafi mai baƙin bango da yake karantawa daga hagu zuwa dama, ran Lahadi kuma ko tsinke ba ya ɗagawa. Abin ya tsaya mini a rai har kwana uku. Na je wurin liman, ya ce yaron da aka ɗauke yana shekara bakwai, ko alwala bai gama iyawa ba, ba a tarbarsa da sanda, da kyakkyawan hali ake tarbarsa, shiriya kuwa ta Allah ce. Bai yi azumi tare da mu ba, amma ko ruwa ban ga ya sha a gaban mutane ba. Muna gardama ni da shi kusan kullum, kin san ni da gardama, har yau dai a kan addini ba wanda ya kayar da wani. Ki taya mu addu'a. Sai dai ba wannan ne ya kusa raba mu da shi ba.

Kin san tun rasuwar Ummaru 'yar'uwarmu Sabuwa ta dawo gidana. Da na shigo da shi ina ihu kamar wanda ya zautu, mata suka fito, Mero ta rangaɗa guɗa, Maijidda ƙanwarsa da aka haifa bayan ɓatansa ta faɗi ta riƙe ƙafarsa tana kuka. Shi kuwa sai waige-waige yake yi, yana tambaya ina uwarsa, ina Hajo. A nan na tuna, ashe yaron nan bai taɓa sanin ba ke kika haife shi ba. Na gaya masa ke mariƙiyarsa ce, kina can Gwanja, na nuna masa Sabuwa a bakin murhu na ce ga wadda ta haife shi. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki ta saki asabari. Mu duka muka ce madalla, Sabuwa ta san kanta, ai ɗan fari ne. Mero har cewa ta yi irin wannan kunya sai matan da. A cikinmu ba wanda ya dubi fuskar Shitu.

Daga ranar kuwa yaron nan ya duƙufa yi mata hidima. Ya sauke jinkar ɗakinta ya yi sabuwa kafin ruwan farko. Ya sassaƙa mata ƙyaure na maɗaci mai buɗewa da rufewa da ɗan yatsa ɗaya, wanda garin nan kaf sai da suka zo kallo, har mai gari ya aiko yana son irinsa. Gayaunarta ta gyaɗa da kuɓewa shi ya nome ta sau uku, shi da bai saba da fartanya ba, tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe bai ce uffan ba. Kullum da safe sai ya je ya tsuguna a ƙofarta ya gaishe ta. Ita kuma sai ta juya wa ƙofa baya ta ce wa Maijidda a ce an gode. In za ta ambace shi sai ta ce yaron Hajo, ko baƙon Aƙilu. Tuwonsa ita ke tuƙawa daban, ita ke tare Fulani tun a bakin gari ta zaɓo masa nono mai kyau, amma a hannun Mero akushin ke isa gare shi, shi kuma Mero yake ta yi wa godiya. Da yamma yana zaune yana kallon Sabuwa tana yi wa Maijidda kitso, tana kiran sunanta, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ni ina ganin duk wannan, ina ta jin daɗi wai gidana ya cika da tarbiyya.

Sai ran da muke yankan dawa, rana ta take muka zauna gindin ɗorawa shan fura. Ya ce mini ya yi magana da madugu Rabe, in ayari ya tashi zai bi su Gwanja wurinki, ba kuma zai dawo ba. Na tambaye shi wa ya ɓata masa, in je in same shi yanzu. Ya ce ba kowa. Ya ce littafinsu ya umarce su da girmama iyaye da son mutane, har da wanda ba ya son su, umarnin nan ne ma ya sa ya zauna da ya tarar ba kya nan. Amma tun yana yaro a Lokoja akwai gardamar da ba ta ƙare ba. Malaminsu yakan ce son da aka umarta aiki ne, don ba a yi wa zuciya dole, in ka ciyar da mutum ka tufatar da shi ka gama, ko ka ji wani abu ko ba ka ji ba. Iya kuwa in sun dawo gida sai ta yi tsaki. Takan ce ita ta yi bauta shekara ashirin, ta yi wa ubangidanta wanki da girki ba fashi ko na rana ɗaya, in wannan ne so, to kowane bawa masoyin ubangidansa ne. Sai ya dube ni ya ce, “Kawu, wata bakwai ina yi wa matar nan aiki irin na Iya. Kullum ina duba zuciyata, ban sami komai ba. Allah yana gani, ina jin tsoro.” Ya ce kuma bai ga laifinta ba, ya san ba kowace uwa za ta so ɗan da ya dawo Banasare ba, shi ya sa ko kallonsa ba ta yi.

Yaya, dariya na fara yi, har na kifar da ludayi. Sai kuma kunya ta rufe ni. Wata bakwai muna gardama da yaron nan a kan Annabi Isa da ranar ƙiyama, ban taɓa gaya masa abin da kowace yarinya mai talla ta sani a Kafur ba. Ban gaya masa ba don ban taɓa tunanin akwai ɗan Adam da bai sani ba. Na zauna na warware masa tiryan-tiryan, cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta sakin fuska gare shi a gaban mutane, shi ya sa ma ake ba wata riƙonsa. Na tuna masa ko ni ɗin nan ban taɓa jin innarmu ta kira sunanki ba har ta koma ga Allah. Na gaya masa tuwon da yake ta gode wa Mero, Mero ko muciyar ba ta taɓa ba. Na gama ina jiran ya tashi ya yi rawa, ni har na fara shirya yadda zan ba da labarin a karofi.

Bai yi rawa ba. Ya daɗe yana wasa da zangarniya a hannunsa, sannan ya ce ya ji, al'ada ce, amma ta ina zai san akwai wani abu a bayanta. Shi ma ai ya yi jinka ya yi ƙyaure, duk gari na yabonsa, alhali cikinsa fayau. Mai yiwuwa ita ma tuwon nan wajibi ne take saukewa, su biyu suna ta yi wa juna bauta har mutuwa, kowa na cewa madalla. Ya ce gara ya tafi wurin wadda in ya tuna da ita ƙirjinsa ke motsi. Ni da Mero shekara ashirin da biyu, ban taɓa zama na duba zuciyata in ga me ke ciki ba, in ta kawo tuwo in ci, in na samo zane in ba ta. Na ce masa ko a wurinmu aiki ba ya karɓuwa sai da niyya, ya ce niyya kam yana da ita, ba ita yake nema ba. Ranar nan ɗan Sabuwa ya kayar da ni, kuma ke kaɗai na gaya wa.

Bayan la'asar na shiga wurin Sabuwa, na same ta tana kaɗi. Na ce mata yaronta zai tafi, ta fito ta yi masa magana ko kalma ɗaya ce. Ta ce so nake a yi da ita a bakin rijiya, da furfurarta. Na ce a yi da ita mana, wa aka taɓa binnewa don gulmar rijiya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo mata abin da na sani na karatu, mazarinta bai daina juyawa ba. Da na tashi zan fita cikin fushi sai zaren ya tsinke, ta ce in zauna. Abin da ta gaya mini ke ma ba ki sani ba. Kwana biyu kafin a ɗauke shi, ta fakaici idon mutane ta shiga gidanki kina rafi, ta same shi shi kaɗai yana cin dafaffiyar gyaɗa. Ta ce abin ne ya fi ƙarfinta. Ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta shinshina kansa, ta kira sunansa sau uku. Ta ce, “Sau ɗaya na karya, Aƙilu, ka ga abin da ya biyo baya. In na sake, me zai same shi? Gara ya tafi da ransa.” Ta ce kada in kuskura in gaya wa kowa.

Na fito na bar ta da mazarinta. Ki duba fa, Yaya. Ke kina can kina cewa laifinki ne da kika aike shi kai fura gona, har kika kasa haɗa ido da Sabuwa kika bi Mati uwa duniya. Ita tana nan tana cewa bakinta ne ya jawo. Shekara ashirin da huɗu kowaccenku ta rungume laifi ita kaɗai, maharan da suka yi abin kuwa ba wadda ta tuna da su. Na so in koma in yi mata wa'azi cewa kiran suna ba ya kawo mahara, abin da Allah ya rubuta ne, amma na san Sabuwa. Tun muna yara in ta kafe, jaki ma ya fi ta sauƙin ja.

Shekaranjiya da hantsi ayari ya gama ɗaurin kaya a bakin kasuwa. Shitu ya haɗa zartonsa da gizagonsa cikin akwati, ya shigo sallama. Matan gida duk suna tsakar gida, har da na maƙwabta da suka zo wai aron turmi. Ya tsuguna a ƙofar Sabuwa ya ce zai tafi, ta yafe masa in ya yi mata wani laifi. Tana ciki ta ba ƙofa baya, ta ce wa Maijidda a ce Allah ya kiyaye hanya. Ya miƙa hannu zai ɗauki akwati. To, ni dai ban yi mata alkawari ba, kai kawai na gyaɗa, kuma kin san bakina. Na tsaya a tsakiyar gida na zazzage komai da ƙarfi, da gyaɗar da cinyar da suna sau uku da abin da take tsoro. Mero tana ta mintsinina a baya, ban fasa ba sai da na kai aya.

Har taɓaryar maƙwabta sai da ta tsaya. Shitu ya saki igiyar akwatin. A hankali ya ce ya tuna. Ya ce akwai wata mace mai ƙamshin hayaƙi da ta taɓa matse shi har ya ji zafi, yana ta mutsu-mutsu yana son ya koma ga gyaɗarsa, ruwa yana ɗiga masa a ka. Duk shekarun nan ya zaci mafarki ne, don ya san ba ke ba ce, ke ba kya kuka in kin ɗauke shi. Sai ƙaton nan ya kifa goshinsa a dokin ƙofa ya fashe da kuka irin na yaron da aka yaye jiya. Na durƙusa na dafa shi, ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa ya ce, “Kawu, abin da nake nema ya zo. Na zaci daɗi zai yi, ashe ciwo ne.” Ni ma a nan na ɓata rawanina da majina, ba zan yi miki ƙarya ba.

Da ya sami kansa ya yi wa Sabuwa magana, ita kuwa ta ba shi baya. Ya ce an sayar da shi sau biyar, ya yi agana, kwalekwale ya taɓa kifewa da shi a tsakiyar ruwa, duk bai mutu ba, kuma a duk wuraren nan ba wanda ya san sunansa na gaskiya balle ya kira. Ya ce in akwai abin da ya bi shi daga cinyarta, to ba shi ne ya cuce shi ba. Sabuwa ba ta motsa ba. Aka aiko daga bakin kasuwa cewa madugu yana jira. Ya share fuska ya tashi, ya ɗora akwati a ka, ni kuwa na ce a raina shi ke nan, na tona asirin 'yar'uwata a banza. Ya juya ke nan sai ga hannu ya fito ta gefen ƙyaure ya damƙe bakin rigarsa. Fuskarta tana kallon bango, ta ce, “Sauke akwatin nan. Ba ka karya kumallo ba.” Shi ta gaya wa, Yaya, ba Maijidda ba, ba ni ba, a gaban matan unguwa. Ya sauke.

Mero ta rangaɗa guɗar da ta fi ta ranar zuwansa, ni kuma na fita da gudu ba takalmi na gaya wa Rabe ya kama hanya, mutuminsa ya fasa. Kafin azahar labari ya gama gari. A bakin rijiya an yi da Sabuwa kamar yadda ta faɗa, wasu na cewa tsufa ya zubar mata da kunya, wasu kuma na share hawaye da bakin zane. Ta daina yi mini magana tun ranar, in na shigo sai ta harare ni, amma jiya na ga an ƙara mini man shanu a miya. Har yanzu ba ta kira sunansa ba, kuma in da baƙi tana rufe fuska. Sai dai yanzu a ƙofarta yake cin tuwo, daga hannunta zuwa nasa, tana ta yi masa faɗa wai ba ya ci da yawa, wai Nasara sun lalata masa ciki. Shi kuwa sai murmushi yake kamar an ba shi sarauta. Na tambaye shi to wa ya yi gaskiya, malaminsu ko Iya. Ya ce Iya ce, amma ba don ya bi maganar malamin ya yi ta aikin nan wata bakwai ba, da ranar da abin zai zo ba ta same shi a ƙofar ba. Ina da abin cewa a kan wannan, na ajiye sai mun gama sussuka.

Na san na hana ki baƙo, ki yafe mini. Da na yi shiru, da yanzu yana hanyar zuwa gare ki, Sabuwa kuma ta rasa shi karo na biyu tana zaune. Ayarin ya yada zango a Maska yana jiran jakunan kanwa, gobe da sassafe ni da kaina zan kai wa Rabe takardar nan, tare da turmin baƙin zane da na rina miki da kuma 'yar kujerar da Shitu ya sassaƙa saboda gwiwarki. Ya ce in gaya miki yana gaishe ki gaisuwar ɗa, yana tambaya ko har yanzu kina soya wainar gero mai yaji, don ya nema a ko'ina bai sami irinta ba.

Ki gaishe mini da Mati, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ki gaida Hussaini da Maharazu da matansu, da Shafa'atu da jaririnta da muka ji labari, Allah ya raya. Mero ta sake gaishe ki, wai ta farkon ba ta isa ba. Maijidda tana gaisuwa, Tsohuwa ta gidan liman ta ce in ba ki manta da ita ba ki aiko mata da goro fari. Saura saƙon Sabuwa. Ɗazu ta aiko Maijidda ta kira ni, karo na farko tun shekaranjiya, ta tambaya ko na rufe takardar. Na ce saura kaɗan. Ta ce in rubuta miki cewa ba ta taɓa riƙe ki da komai ba, ko na rana ɗaya. Ta ce in gwiwa ta bari ki biyo ayarin dawowa, ko a kan jaki ne, don ita ta yi iya abin da za ta iya. “Ki zo,” in ji ta, “gidan nan yana bukatar wadda za ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala masa kira da sunansa, in riƙa ji daga ɗaki.”

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. An rubuta ranar Talata cikin watan Rabi'ul Awwal, shekara ta dubu da ɗari uku da shida daga Hijira.

Ni ne ƙaninki mai bakin da ba ya rufuwa,
Aƙilu ɗan Mudi, Kafur. Wassalam.